Numfashin Zuga-zugi

Zazzaɓin ya kama Malama Tabawa ne tun a mota, a hanyar dawowa daga ajin yoga. Kafin su iso gida haƙoranta sun fara haɗuwa. Autarta Murja ta ba ta magani, ta lulluɓe ta da zane biyu a kan tabarmar falo, ta shige kicin. Azahar ta wuce, hadari ya haɗo daga gabashin Kaduna.

Murja ce ta matsa mata sai ta shiga ajin. Wata bakwai ke nan da rasuwar Malam Isuhu, mijin da suka yi shekara arba'in da ɗaya tare. Ciwon huhu ne ya yi ajalinsa. Kwana hamsin ɗin ƙarshe Tabawa ta yi su ne a bakin gadonsa, tana sassauta nata numfashin don ta ji nasa. Shi ya tafi, ita kuwa jikinta ya ƙi barin wannan sabo. Matar da ta shekara talatin tana cika aji da muryarta, yau matakala uku sai ta dafa bango. Likita ya duba ya ce zuciya lafiya, huhu lafiya.

Mai koyar da su, Iklima, a Indiya ta yi karatu. Da safen nan, bayan ta auna jinin kowa, ta ce, "Numfashin yau na tayar da jiki ne. A can da sunan zuga-zugin maƙeri suke kiransa. Ku miƙe bayanku. A ja da ƙarfi ta hanci, a fitar da ƙarfi ta hanci, ciki ya taso ya koma. Sau goma, sai a huta."

Mata goma sha biyu suka hau huci a tare. Tabawa ta ja ɗaya, ta ja biyu, a na uku ƙirjinta ya kulle.

"Mama, kina ja amma ba kya saki," in ji Iklima a hankali.

Tabawa ta naɗe tabarmarta, ta ce ita da wannan aji sun rabu ke nan.

Yanzu ga ta kwance, idanu sun yi nauyi, ruwa ya fara dukan kwano. Ƙarar ta yi ta nisa tana sauyawa, har ta koma ƙarar masaba a kan ƙarfe. Tabarmar ta ɗago da ita kamar kwale-kwale, ta ratsa bangon falo, ta bi wani kogi da babu ruwa a cikinsa sai ƙwayar gero tana gudu. Da ta tsaya, Tabawa ta ji warin gawayi da ƙonanniyar fata, ta san inda take. Maƙerar mahaifinta ce a Bakori.

Rufin babu shi. A madadinsa laujuna ne rataye a sararin sama, ɗaruruwa, kowanne yana haske kamar jinjirin wata. Mahaifinta Baba Ɗanjuma, wanda ya shekara talatin a ƙasa, yana zaune ya ba ta baya, yana dukan ƙarfen da bai ga wuta ba. A gefensa zuga-zuginsa biyu na fatar akuya suna kwance, sun yamushe.

"Mai kawo fura, kin girma," in ji zuga-zugin dama, da muryar tsohuwar akuya.

"Wutar Baba ta mutu ne?" ta tambaya.

"Jira take. Zo ki zuga mu."

"Ni mace ce. Baba bai taɓa bari na taɓa ku ba."

Ba tare da ya waiwayo ba tsohon ya ce, "Uwata, yau babu kowa sai ke."

Ta durƙusa ta kama bakinsu, fatar na da ɗumi kamar jikin mai rai. Ta ɗaga, suka cika da iska.

"Danna," in ji na hagu.

"In na danna ai kun zama fanko."

"Ba a taɓa barin mu fanko ba. Danna ki gani."

Hannunta ya ƙi. Zuga-zugan suka yi ta kumbura, suka kai tulu, suka kai rumbu, suka ɗauke ta sama ta tsakanin laujuna, suka dire ta a tsakar gidansu.

Nan ta tarar da mahaifiyarta Inna Delu da ƙanwar mahaifinta Gwaggo Kande suna lugude. Turmin ya kai faɗin rijiya. Wannan ta wurga taɓarya sama ta tafa, waccan ta sauke tata, kowace saukarwa da nishinta: hah, hah, hah. Tabawa ta leƙa turmin. Ba hatsi ba ne a ciki. Ga allin da ta yi rubutu da shi a aji, ga kwanonin aurenta, ga ƙananan takalman 'ya'yanta, duk ana dakawa, suna fitowa gari fari tas mai ƙanshin sabon gero.

Inna Delu ta dube ta ba tare da ta ɓata kiɗan ba. "Ke Tabawa, tun yaushe kika ɗaga wannan? Hannunki bai gaji ba?"

Sai a lokacin ta lura ita ma taɓarya ce a hannunta, ta ɗaga ta sama da kai, har gizo-gizo ya yi saƙa tsakaninta da bango.

"Akwai wanda nake saurare, Inna. In na sauke, ƙarar za ta hana ni jin sa."

Gwaggo Kande ta yi dariyar nan tata mai wushirya. "To je ki ji shi, ki dawo mana da labari."

Gindin turmin ya buɗe, Tabawa ta zurma. Ta faɗo a tsaye kan jar hanyar Funtuwa, dawa ta yi kai dama da hagu, ƙasa na ƙanshin ruwan sama. A gindin wata ɗorawa wani saurayi ya tsuguna gaban keke, da farar riga da biro a aljihu. Isuhu ne, yadda yake shekarar da ya goya ta a keken nan ya kai ta makarantar da aka fara tura ta koyarwa.

Ta matsa a hankali, ta karkata kunne wajen ƙirjinsa. Babu kurman nishin nan, babu shaƙewa.

"Tabawa, me kike nema a ƙirjina?" ya ce yana murmushi.

"Numfashinka nake bi, Malam. Kada ya tsaya ban sani ba."

"Nawa ya cika tun ranar Laraba, ba a rage mini ko ɗaya ba. Wannan da kike riƙewa naki ne." Ya miƙo mata famfon keke. "Taya ta sace, ga hanya da nisa. Taimaka mini."

Ta karɓa. Ta ja, ta tsaya. Ya zuba mata ido, irin kallon da yake mata in ta yi fushi yana jiran ta huce. Sai ta danna.

Iskar ta fita ta hancinta da ƙarfi, wata ta shigo ba tare da ta roƙa ba. Ta ja, ta danna. Dawar gonakin ta sunkuya ta miƙe tare da ita. Daga nesa taɓaren su Inna suka karɓa, masabar Baba ta shigo a kan kiɗan. Ta kai goma, duniya ta yi tsit, ta huta. Ta sake. A zagaye na uku ta ji garwashin maƙera ya kama, can ƙasan cibiyarta, ɗumin ya hau bayanta har tafin hannu.

Tayar ta cika. Isuhu ya matsa ta da yatsa, ya gyaɗa kai, ya hau. Tabawa ta tattare zane za ta zauna a baya kamar da, ya girgiza kai.

"Ke da sauranki."

Ya taka keken. Da ya yi ɗan nisa ya waiwayo ya faɗi wata magana, iska ta kwashe. Ta bi shi da gudu, gudu na gaske, jar ƙasa na tashi a bayanta, ƙirjinta a buɗe kamar ƙofar zaure, tana kira, "Malam! Me ka ce? Malam!"

"Umma! Umma!"

Ta buɗe ido. Murja ce durƙushe a kanta tana jijjiga ta, ludayi a hannu, fuska duk tsoro. Ruwa ya ɗauke, ana kiran la'asar. Zannuwan sun jiƙe sharkaf da gumi, zazzaɓin ya sauka.

"Tun daga kicin nake jin hucinki, na ɗauka..." Murja ta kasa ƙarasawa. "Wa kike kira?"

Tabawa ta tashi zaune. Maganar da ya faɗa tana nan a bakin kunnenta, ta kai hannu za ta kama, ta suɓuce. Ta dubi tafukanta, sun yi ja, suna zafi.

"Auta, me kika dafa?"

"Dambu ne, Umma."

"Zubo mini. Ki cika kwanon."

Murja ta tsaya tana kallonta. Sannan ta miƙe da sauri ta nufi kicin, tana share ido da bakin ɗankwali.