Sara Bakwai a Gindin Marke

A cikin tsibiran da ruwan Kainji ya haɗiye akwai wani ƙarami, ƙasa da Yelwa, da ake kira Gungun Marke. Masunta ne da manoman albasa a cikinsa. A nan Illo yake zaune, tsohon soja, wanda ya dawo daga yaƙin Bama da wata al'ada da babu mai irinta a ƙasar Yauri kaf.

Bayan an gama yaƙi an sa su gadin fursunonin Japan. A cikinsu akwai wani siriri mai suna Tsuda. Kullum da safe yakan ɗauki guntun gora, ya durƙusa ya sunkuyar da kai, sannan ya miƙe ya yi ta saran iska. Sauran masu gadi dariya suke yi. Illo kuwa kallo yake, har wata rana Tsuda ya miƙa masa gorar. Wata biyar yana koya masa, babu harshen da ya haɗa su sai hannu da ƙafa. Sara bakwai ne, kowane da takunsa da numfashinsa, a ƙarshe kuma a mayar da takobi kube a hankali, kamar mai kwantar da jariri. Wani tafinta ya gaya wa Illo cewa saran gadon gidan su Tsuda ne tun kaka tara, kuma wutar yaƙi ta cinye gidan da duk wanda ya iya. Zazzaɓi ya kama Tsuda kafin jirgin da zai mayar da su gida ya zo. Ran da zai cika ya riƙe hannun Illo, ya ɗaga yatsa ɗaya. Tafinta ya ce, "Wai ka ba mutum guda. Ko guda ne." Illo ya ce ya ɗauka.

Da ya dawo gida ya sassaƙa takobi da iccen kirya. Kowace safiya bayan sallah sai ya tafi gindin marken da ke bakin ruwa ya yi saransa bakwai. Liman ya taɓa tambayarsa ko sujada yake yi wa icce. Ya ce a'a, gaisuwa ce ga wanda ya koya masa. Ya nemi mai koyo ya rasa. Samari sukan tambaya, "To wa aka sara?" In ya ce babu kowa, sai su koma wajen kokawarsu. Allah bai ba shi ɗa namiji ba, sai 'ya ɗaya, Safiya, ita kuwa kunya take ji in an ce ubanta ya dawo da haukan Bama.

Mutum ɗaya ne ba ya fashin kallo, shi ne Mati, taubashinsa, ɗan gwaggonsa, wanda ya girme shi da shekara biyu. Yakan zauna a saiwar marken yana ɗinkin koma, bakinsa ba ya hutawa.

"Sarkin yaƙin sauro! Nawa ka kashe yau?"

"Kai nika jira, bawana. Matso in rage maka wuyan ga."

"Rage. Kai za ka riƙe min mata da ɗiya, ga su da ci."

Duk bikin da aka yi a gungu sai Mati ya ɗauki filafilin jirgi ya kwaikwayi Illo, yana zare ido yana kururuwa. In ya kai sara na bakwai sai ya faɗi rigingine, ƙafafu sama. Ranar bikin 'yancin kai har a Yelwa ya yi, mata suka yi dariya har da hawaye. Illo yana gefe yana kallo. Taubashi ne, babu damar fushi.

Shekara ashirin da biyu ƙafafun Illo suna sauka wuri ɗaya, har suka yi wa ƙasar ramuka, santsi kamar cikin ƙwarya. Da ciwon idon da ke kama mutanen bakin kogi ya rufe masa gani, bai fasa ba. Safiya takan kai shi ramin farko, daga nan ƙafarsa ta san hanya. Kowane rami shi yake gaya masa saran da ke biye.

Sai ma'aikata suka zo da fenti suka sa wa ɗakuna lamba. An datse Kwara a Kainji, ruwa zai hau, kowa zai koma sabon gari a kan tudu. Illo ya tari babbansu.

"Ranka shi daɗe, gwamnati tana ɗaukar ƙasa?"

"Wace ƙasa, Baba?"

"Taku goma ce kawai, can gindin marke."

Mutumin ya dubi Safiya, ita kuwa ta sunkuyar da kai.

Ana gobe tashi Illo ya sa ta ta auna ramukan da igiya, ta ƙulla kowane. A sabon gari, bayan ɗakunan siminti masu zafi, ta shimfiɗa igiyar a kan tsakuwa. Ya durƙusa, ya yi gaisuwa, ya miƙe. Sara na ɗaya ya fita, na biyu, na uku. A na huɗu ƙafarsa ta nemi rami ta taka dutse. Ya tsaya da takobi a sama, ya rasa ko dama ake juyawa ko hagu. Ya sake daga farko. Kwana tara yana sakewa, kullum a nan yake tsayawa. Ya gane ashe ba a kansa ya ajiye amanar ba, a ƙasar gungu ya ajiye ta, ga shi ruwa ya rufe marken har kai.

Rana ta goma bai fita ba. Ya daina cin abinci sosai. Mati ya zo ya same shi zaune a ƙofar ɗaki, takobin a cinya.

"Yau sauro sun samu hutu ke nan?"

"Mati, na ci amana." Illo ya shafa takobin. "Mutum yab ba ni gadon gidansu shina mutuwa. Ban ba kowa ba, kuma na ɓatar."

Mati ya zauna kusa da shi. Can ya ce, "Wanne ne ya ɓace? Wanda kaka juyawa hagu kamar kaza ta ga shaho?"

Illo ya ɗago kai.

"Tashi," in ji Mati. "Ba ni iccen ga. Kama kafaɗata."

Makaho ya dafa bayan taubashinsa, Mati ya fara. Illo yana jin komai a tafin hannunsa: inda kafaɗa take sauka, inda ƙugu yake juyawa, har inda ake riƙe numfashi. Na huɗu ya wuce, hagu ne. Na biyar, na shida, na bakwai, babu wanda ya kauce. Shekara ashirin da biyu na ba'a sun zauna a jikin Mati daram. Yana gama na bakwai sai gwiwarsa ta fara lanƙwashewa don ya faɗi yadda ya saba. Illo ya riƙe shi da ƙarfi.

"A'a. Nan ba a hwaɗuwa."

"To ni iyakar abin da na sani ke nan. Kullum in kak kai nan, dariya nika yi, ban kallo."

Illo ya kama hannayen Mati biyu, ya kai na hagu ƙugu, ya ja bayan takobin a kan hannun sannu sannu, har tsinin ya sami bakin kuben da babu shi, ya shige. Suka yi ta maimaitawa har rana ta take. Hawaye na zuba daga idanun da ba sa gani.

"Kai ne mutum gudan," in ji Illo.

"Ka yi asara, ɗan kawu. Ka rasa wanda za ka ba ajiya sai wanda ya girme ka."

Illo bai ga ƙarshen damina ba. Bayan sadakar bakwai Safiya ta kai wa Mati takobin a naɗe cikin zane, ta ajiye a gabansa.

Tun daga nan kowace safiya akan ga tsoho a bakin tafki, yana fuskantar inda gungu yake a da, yana saran iska. Ba ya kururuwar wasa, ba ya faɗuwa. In ya mayar da takobi kube yakan waiwaya baya, ko akwai wanda ya zauna yana masa dariya. Amma Mati dattijo ne, taubashinsa kuma ya mutu, babu mai ikon kwaikwayonsa. Masunta sukan gaishe shi da ladabi, su kau da kai, su tura jiragensu cikin ruwa.