Ranar da Aku Ya Yi Shiru

Ni fa tun ranar da ƙanena Auta ya zaro katin nan daga aljihu jikina ya ba ni ba alheri ya kawo mana ba. Wani ɗan ƙarfe ne shafal, bai kai tafin hannu ba, da siririyar waya a gindinsa. Wai shi ne modem. A soka shi a gefen kwamfutar Malam, a haɗa da layin tarho, shi ke nan aiki ya riƙa kai kansa ofis.

Malam mijina ne, kuma ba ya gani. Idanun sun tafi bayan na haifi 'yarmu ta biyu, ya daɗe a kwance yana fuskantar bango, ko gaisuwa ba ya son amsawa. Abin da ya tashe shi aikin fassara ne da wani gidan buga littattafan makaranta ya ba shi. Masinja ke kawo aiki a faifai, ya karɓi wanda aka gama. To masinja ya tsufa ya ajiye aiki, sabon manaja kuma ya ce ba zai ɗauki wani ba. Kowa ya turo nasa ta layi kafin wata ya ƙare, wanda bai iya ba a ba wani aikinsa. Ni ba albashin ne ya tsaya mini a rai ba. Tsorona kada mutumin nan ya koma wa bangon.

Yadda yake aikin kuwa, da Aku yake yi. Wata murya ce a cikin kwamfutar, mai karanta masa duk abin da ke kan allo da duk abin da ya buga. Yara suka sa mata wannan suna. Wani malami ne ya ɗora masa ita a cibiyar koyar da makafi, cibiyar da tuni aka rufe aka mayar da ita wurin ajiye siminti. Da farko Turanci kaɗai Aku ya sani. In ya shiga harshenmu sai ka rantse dutse mai zafi ne a bakinsa. Malam ya zauna ya koya masa, kalma bayan kalma. Ya buga, ya saurara, ya murɗa rubutun, ya sake saurare, har ta fito daidai, sannan ya adana. Shekara da shekaru ana wannan. Ina tsakar gida ina wanki ina jin su, malami da ɗalibi, ɗaya na cewa "a'a, sake," ɗaya na maimaitawa ta hanci.

Auta yana da shagon gyaran kwamfuta a bakin tasha, kuma Allah ya sani hannunsa na da kyau. Sauri ne kawai ya yi masa yawa, tun yana yaro ba ya jira abinci ya huce. Ya zauna a teburin Malam, ya buɗe kwamfutar, ya kama haɓa.

"Yaya, wannan ai ta girmi shagona. A gidan tarihi ya kamata a ajiye ta."

"Kai dai yi abin da ya kawo ka," na ce.

Ya soka katin. Kwamfuta ta ce ta ga baƙo amma ba ta san shi ba, a ba ta faifan da zai gabatar da shi. Ya sa wanda ya zo da katin, ta tofar, wai na sababbin kwamfutoci ne. Ya koma shago ya tono wani tsoho a ƙasan kwali, ta karɓa da ƙyar. Ya cire waya daga tarho ya maƙala, ya buga lambar da ofis suka bayar, da sunan shiga, da kalmar sirri. Ta ce ba ta jin layi. Ya hura bakin wayar, ya goge da gefen riga, ya sake. Wannan karon modem ya yi ɗan tari kamar zai tashi, sai Aku ya shaƙe a tsakiyar kalma, komai ya tsaya cak. A kashe a kunna, Aku ya dawo, modem ya ɓace. Haka aka wuni, in ɗaya ya shigo ɗaya ya fita.

"Ƙofa ɗaya suke rububi, Malam," in ji Auta yana share gumi. "Bari in tafi da ita shago, can kayan aikina suke."

Malam ya ɗora hannu a kan murfin kwamfutar. Bai taɓa kwana ba tare da ita a ɗakin ba. Amma wata ya kusa ƙarewa, sai ya janye hannun.

Da Auta ya dawo da ita, tun daga ƙofa nake jin fara'arsa. Ya jona waya, ya ce kowa ya yi shiru. Sai ga ƙarar buga lamba, ɗis ɗis ɗis, sannan wani ƙugi da shewa da kururuwa, sannan tsit.

"Ta shiga!" Ya tafa hannu. "Wallahi ta shiga! Ga ma saƙon ofis nan yana sauka."

Na yi hamdala a fili. Malam ya yi murmushi irin wanda na daɗe ban gani ba, ya jawo kujera, ya laluba madannai, ya danna inda ya saba dannawa. Shiru. Ya sake. Ya murɗa ƙarar har ƙarshe, ba abin da ya fito sai huci.

"Auta, ina Aku?"

"Au, muryar? Ai wanke kwamfutar na yi gaba ɗaya, na zuba komai sabo. In abu ya ƙi, haka muke yi, shi ne maganin rikici. Amma kada ka damu, duk takardunka na kwashe kafin in goge, ko ɗaya bai ɓata ba. A ba ni faifan muryar in mayar yanzu."

"Babu faifai," in ji Malam.

"To wanda ya sa maka fa?"

"Ya rasu."

Auta ya dube ni, na dube shi. Malam ya tambaya a hankali ko cikin abin da aka kwashe akwai kalmomin da ya koya wa Aku. Auta ya ce waɗanne kalmomi? Shi takardu ya sani, da hotuna, abin da kowane mai kwamfuta ke kuka a kai ke nan in ya ɓata. Wa ya taɓa zuwa shagonsa neman kalmomi?

Kai, ranar na zazzage wa yaron nan abin da ke bakina. Na ce gaggawa aikin Shaiɗan, na ce wanda bai san darajar abu ba shi ke wanke shi da ruwan zafi, na faɗi wasu ma da ba zan maimaita ba. Ya tsaya kansa a ƙasa, ƙato da shi, hawaye na ɗiga a kan takalmi. Malam ne ya ce in bar shi haka.

"Gyara aka ce ya yi, Maman yara, ya kuwa gyara."

Auta bai zauna ba, in faɗi gaskiya. Ya rufe shago ya bi abokan sana'arsa ɗaya bayan ɗaya. Wani ya ce da bai zuba sabo a kai ba da an tono kalmomin. Wani ya samo sabuwar murya, tsohuwar kwamfuta ta ce ba za ta iya ɗauka ba. Aka gwada ta a wata kwamfutar ta aro, Malam ya buga mata gaisuwa kawai, abin da ta faɗa ko mahaukaci ba zai amsa ba. Ya ce a kashe. Na ce ai sai ya koya mata kamar yadda ya koya wa wancan. Ya juyo da fuska wajena.

"Da wane ƙarfin? Lokacin ina da sauran baƙin gashi."

Sai na ce to ni zan zama idonsa. Na ajiye wanki na jawo kujera kusa da shi. Ni Turancina na karanta takardar asibiti ne, ina tafe ina tuntuɓe. In karanta layi, ya ce maimaita. Ya buga fassara, in duba in ce akwai kuskure, ya ce a ina, in rasa yadda zan kwatanta masa. Ga tukunya a wuta, ga mai sallama a ƙofa. Shafin da yake gamawa kafin shayinsa ya huce, mu muka kai azahar a kansa, kuma da na sake dubawa na tarar na tsallake sakin layi guda. Bai yi faɗa ba. Da ma ya yi, da ya fi mini sauƙi.

Modem kuwa lafiyarsa ƙalau, abin haushi. Kullum da safe sai ya yi kururuwarsa ya shiga, ya sauko mana da sabon aiki a kan wanda ba mu gama ba, da saƙon manaja yana yaba wa Malam da ya shigo zamani.

Ranar da aka ce a miƙa aiki, ko rabi ba mu kai ba. Na jona layi kamar kullum, na fara karanta masa abin da ya sauko. Ya ɗaga hannu.

"Maman yara, cire wayar nan daga jikinta ki mayar a tarho."

"Malam, ai ba a gama saukewa ba."

"Na sani. Layin nake so."

Na cire na mayar. Ya laluba lambobin da kansa, ya nemi manaja, suka gaisa har da tambayar iyali. Sannan ya ce akwai wata yarinya da ta taɓa yi musu gwaji, fassararta na da tsabta, a neme ta a ba ta aikinsa kafin wani ya ɗauke ta. Daga can na ji manaja na tambaya ko layin ne ya ƙi.

"A'a, ranka ya daɗe," in ji Malam. "Layi kam yana aiki."