Ragowar Faranti

Likita ne ya tura Maman Tagwaye taron masu son gyara cin abincinsu, da ya ga sukarinta yana hawa. Ranar Laraba ake yi, a wani ɗaki da ke bayan asibiti, mai kujerun roba da fanka mai ƙara. Wata ma'aikaciyar jinya ce ke jan zaman, kowa Anti yake ce mata. Ba ta hana kowa cin komai. Tambayarta dai ita ce: kafin hannunka ya kai ga abinci, me zuciyarka ta raya maka?

Wani direban bas ya ce shi cunkoso ke sa shi buɗe biskit. "In motoci suka tsaya, ji nake in ban tauna wani abu ba, fasinja zan tauna."

Aka yi dariya. Maman Tagwaye ta ce ita fa ba ta da ci. "Wallahi, Anti, ɗan kaɗan nake zubawa."

"To, wannan satin ki sa ido kawai. Kada ki canja komai."

Ta sa ido. Ashe a tsaye take ci, wajen wanke-wanke. Yara su bar shinkafa, ta share. Maigida ya bar gefen burodi, ta share. Ba yunwa ba ce. Kakarta da ta raine ta take tunawa, tana cewa abinci ba ya shiga shara a gidanta.

Ta ba da labarin a taro. Anti ta ce, "Kaka ta ce kada a zubar. Ta ce ke za ki cinye?"

Wani tela da bai cika magana ba ya gyara zama. "Ni kam tun wajen yanka nake rage asarar yadi, 'yar'uwa. Ba sai an gama ɗinki ba."

Ta fara zuba wa yara rabi, wanda bai ƙoshi ba ya ƙara. Tagwaye suka ce Mama ta koyi rowa. Abin da ya rage ta rufe, ta sa a firji. Wata rana ta manta ta suɗe tukunya tas, ta zo taro ranta a ɓace. Anti ta ce tuntuɓe ɗaya ne, ta ci gaba.

Wata Asabar da rana ta zuba nata a faranti, ta fito falo inda suke ci.

Maigida ya ɗago. "Lafiya?"

"Lafiya lau. Matsa min."

Ya matsa. Tagwaye suka hau gardamar wanda zai zauna kusa da ita.