Kurar da Mastura Ta Ɗinka

Wata uku Juwairiyya tana ɓoye wa mahaifinta abin da take yi a ofis. So take ya gani da idonsa ranar buki, ya waiwayo ya dube ta, ko bai ce komai ba.

Aikin kuwa ba ƙarami ba ne. Wani attajiri ya sayi tsohuwar ƙungiyar besbol, wasan dukan ƙwallo da sanda, ta unguwar Khumra a ƙasar Larabawa, wadda ake kira Al-Kura, zai shigar da ita gasar ƙwararru. An gina mata fili mai ciyawar roba, an ɗauko 'yan wasa daga ƙasashe huɗu. Juwairiyya, mai shekara ashirin da bakwai, ita aka danƙa wa zana sabon tambari da rubuta tarihin ƙungiyar a bangon mashiga. Manajan kulob, Ustaz Abdulmohsen, ya dire mata kwali guda na tsofaffin takardu ya ce, "Yalla, samo mana tarihi a nan ciki."

A cikin kwalin ta tsinci sunan Bawa, mahaifinta, a jerin mutum goma sha ɗaya da suka fara wasan. Ta san ya taɓa bugawa, amma duk ranar da ta ɗauko zancen sai ya ce, "Halas, ya wuce, wancan zamani ne," ya ƙara sautin talabijin. Tun rasuwar mahaifiyarta Mastura, tana 'yar shekara shida, haka yake.

Ranar bukin, Juma'a bayan la'asar, ta ɗauko shi daga gida a unguwar Madain Fahd, shi da amininsa Isha'aku, wanda take kira Ammu, wato kawu, mutumin Nijar da ya tsufa a gyaran firji. Tun a mota Isha'aku yake zuba.

"Bawa, ka ga ciyawa? Mu da muke zamewa a kan tsakuwa, gwiwa duk jini!"

"Kai ka taɓa zamewa? Faɗuwa dai kake yi."

"Bon, faɗuwar ma ai fasaha ce."

Juwairiyya tana dariya. Ta lura Baba ya sa babbar jallabiyarsa ta idi, ya kuma ɓalla maɓallan har wuya duk da zafin da ake yi.

Ta ja su zuwa bangon kafin jama'a su cika. Bango ne dogo, fari, da hotuna da rubutun Larabci. Ga shekarar farko, lokacin da leburorin sito suke tsintar safar hannu ta fata da Turawan wani kamfani suka zubar, suna jera buhunan siminti huɗu a fili suna zagayawa. Ga shekarun da wani kamfanin ƙanƙara ya ɗauki nauyinsu ya maƙala sunansa a bayan nasu, riga ta koma shuɗiya. Ga lokacin da ƙungiyar ta zama ta ɗaliban wata makaranta, riga ta koma koriya. A ƙarshen bangon, sabon tambari: farar ƙwallo mai jan ɗinki, rana na fitowa a bayanta.

"Ni na yi, Baba," ta ce. "Kullu, duka. Da zanen da rubutun."

Bawa ya sa tabarau. Ya fara karantawa a hankali, leɓensa na motsi, har ya yi murmushi a wurin buhunan siminti. Sai ya iso layi na huɗu.

Murmushin ya mutu a fuskarsa. Ya sake karanta layin, ya ɗora yatsa a kai kamar mai taɓa ciwo. Sannan ya juya ya nemi tambarin, ya tsaya yana kallon ƙwallon nan, bakinsa a buɗe.

"Ina take?" ya ce.

"Wa, Baba?"

"Ina kurar?"

Ta nuna masa da hannu, tana ɗan dariya don ta zaci idonsa ne. "Ga ta nan. Al-kura. Ƙwallo."

Isha'aku ya matso. Shi bai iya karatun Larabci sosai ba, ya ce a karanta masa. Bawa bai motsa ba, don haka Juwairiyya ta karanta da kanta, da muryar da ta yi ta gwadawa gaban madubi: mutane ne masu sauƙin kai, ba su wahalar da kansu wajen neman suna ba, suka ce da ƙungiyarsu Al-Kura, wato Ƙwallo kawai.

"Innalillahi," in ji Isha'aku. Ya dafe hularsa da hannu biyu. "Ƙwallo? Mu? 'Yar nan, wa ya ce miki ƙwallo?"

"To me... ai kura, Ammu. Kura." Ta zana da'ira a iska.

"Wannan ta Larabawa ce, gajera, kamar an tsinke ta. Tamu ja ake yi. Kuuraa! Dabba, 'yar nan! Mai dariya, mai cin ƙashi. Dab'u, in ji mutanenku na nan."

Juwairiyya ta maimaita kalmar a ranta. Hausar da ta tashi da ita ta cikin gida ce: ci abinci, rufe ƙofa, gaida baƙi, Allah ya kiyaye hanya. Babu kura a benen Madain Fahd, ba wanda ya taɓa samun dalilin ambatonta. Sai ta tuna hoton nan guda da ya dushe a cikin kwalin, da wata dabba a ƙirjin rigunan 'yan wasan. Ta nuna wa Ustaz Abdulmohsen, ya yamutsa fuska ya ce kare ne, kare kuwa ba zai hau rigar kulob ba. Ita da hannunta ta goge shi daga hoton a kwamfuta. Riga goma sha ɗaya, ɗaya bayan ɗaya, tana shan shayi.

"Na ɗauka kare ne," ta ce.

"Kare!" Isha'aku ya juya ga Bawa. "Ka ji? Mastura ta kwana bakwai tana ɗinki, an ce kare."

Sunan ya faɗo mata a ka kamar rufin ɗaki.

"Ummi? Me ya haɗa Ummi da wannan?"

Bawa ya cire tabarau. Ya kai hannu wuyansa ya fara ɓalle maɓallan jallabiyar, ɗaya ya ƙi fita har sai da ya fizge shi. A ƙarƙashi akwai wata riga, fara a da, yanzu ta koma kalar madara, ta matse masa ciki. A ƙirjinta ga dabbar, da baƙin zare da ruwan ƙasa: kafaɗa a tashe, ƙugu a zube, baki a buɗe tana dariya, ƙafar baya ta hagu ta fi sauran gajarta.

"Na sa ta ne don ki gani," ya ce. "Na ce yau 'yata za ta ga hannun uwarta a wurin da ya dace."

Isha'aku ne ya ba da labarin, don shi Bawa ya kasa. A wancan lokaci, in ji shi, ƙungiyar ba ta da suna. Mastura tana taya uwarta sayar da shayi da ƙosai a gefen filin, kuma ba ta da aiki sai yi musu tsiya. Bawa kuwa akwatin kaya ya taɓa faɗo masa a ƙafa a sito, ya warke da ɗingishi. Wata Juma'a ya maka ƙwallo ta tsallake katanga, ya kwasa da gudu yana zagaya buhunan, kafaɗa a gaba, ƙugu na bin baya. Sai aka ji murya daga wajen tukunyar shayi: "Jama'a, ku taro kura, ta tsere!"

"Fili duka ya kwanta da dariya. Har Filifinawan da muke karawa da su, ba su ji me aka ce ba, suna ta dariya. Shi kuwa gogan naki, maimakon ya yi fushi, da ya kammala zagaye sai ya wuce kai tsaye wurinta, yana haki, ya ce a ba kura shayi."

"Ta ce kura ba ta shan shayi," in ji Bawa a hankali, idonsa a ƙasa. "Na ce wannan tana sha."

Isha'aku ya ci gaba: "Bayan wata takwas aka ɗaura aure. Ita ta ɗinka mana rigunan, duka. Ki dubi ƙafar. Ƙafar ubanki ce."

Juwairiyya ta dubi ƙafar. Ba ta da komai na mahaifiyarta sai zobe guda da hoton katin iƙama, takardar izinin zama, wanda ba a murmushi a cikinsa. Shekara ashirin da ɗaya tana ƙoƙarin tuno muryarta, ta kasa. Ashe matar tana da baki haka. Ashe tana da tsiya, tana da dariya, ta bar wasa guda da ya rayu fiye da shekara talatin a bakin mutanen da ba su ma san cewa wasa ne ba. Kuma ita, 'yarta, ita ta zo ta share shi, ta rubuta a bango cewa ba su iya neman suna ba.

"Baba, me ya sa ba ka taɓa gaya mini ba?"

"In na faɗi sunan, ita nake ji," ya ce. "Kuma ban san ba ki sani ba. Wallahi ban san akwai ɗan Hausa da bai san kura ba."

Ta ruga. Ta sami Ustaz Abdulmohsen a bayan dandamali yana gyara zaman egal ɗinsa, baƙar igiyar da ke riƙe mayafin kansa, a gilashin ƙofa. Ta zazzage masa komai da Larabci, kalma na hawa kan kalma.

Ya saurara har ƙarshe, ya ce labari ne mai daɗi, wallahi mai daɗi. Sannan ya ce riguna sun iso, huluna sun iso, allon kan titi ya hau tun jiya. "Kuma dab'u, ya Juwairiyya? Mai cin mushe? Ko kare ya fi. Saura minti goma. Ki hau ki karanta abin da ke katin jawabinki, yadda yake. Mai kulob na zaune a gaba, kuma shi ya sa hannu a kan wannan rubutu. Kar ki kunyata ni, kar ki kunyata kanki."

Ta koma wurin bangon. Bawa ya fara mayar da maɓallansa.

"Baba, kar ka rufe."

"Bari, 'yata. Aikinki ne. Ba a wasa da aiki a garin nan."

Ta san abin da yake nufi. Shekara biyu ta yi tana yawo da takardu kafin ta sami wannan kujera. Ta tsaya tana kallon katin da ke hannunta, har aka kira sunanta a lasifika.

Rana ta yi sanyi, iskar teku na kaɗa tutoci masu farar ƙwallo. Ta karanta layi na ɗaya, na biyu, na uku, muryarta lafiya lau. Aka yi tafi a wurin buhunan siminti. A layi na huɗu ta tsaya. Shirun ya yi tsawo har wani ya zo zai duba makirufo.

"Wannan layin kuskure ne," ta ce da Larabci. "Ni na rubuta shi, kuma kuskure ne. Sunan ƙungiyar nan ba Larabci ba ne. Hausa ne, kuma mahaifiyata ce ta raɗa shi, tana tsokanar mahaifina."

Ta hango Ustaz Abdulmohsen ya rufe ido. Mai kulob ya karkata yana tambayar na kusa da shi. Ba ta sake duban wajen ba. Ta faɗi labarin a gajarce, shayin, katangar, ƙafar. Sannan ta ja numfashi, ta buɗe baki ta faɗi kalmar, karo na farko a rayuwarta yadda ake faɗinta, ta ja ta har sai da lasifika ta yi ƙara.

Ba wanda ya yi tafi. Mutane na duban juna.

Sai daga can kujerun baya wani irin kuka ya tashi, kukan kura, siriri, mai hawa sama yana karyewa. Isha'aku ne, a tsaye kan kujera, hannu biyu a baki. Wasu tsofaffi uku da ba ta ma san sun zo ba suka amsa masa daga wani gefen. 'Yan wasan ƙasashen waje suka waiwaya a firgice.

Bawa ya taso. Ya tuɓe jallabiyar gaba ɗaya ya bar ta a kujera, ya sauko matakala ya shigo fili, mai gadi na kiransa yana bin sa. Da ya ji ciyawa a ƙarƙashin takalminsa sai ya ƙara sauri, sannan ya fara gudu, tsoho mai shekara sittin da huɗu cikin rigar da ta matse shi, kafaɗa a gaba, ƙugu na bin baya, ƙafar hagu na jan ƙasa.

Juwairiyya ba ta taɓa ganin mahaifinta yana gudu ba. Hawaye na zuba a fuskarta, ta buɗe baki za ta ce masa ya yi a hankali, sai dariya ta kufce mata, mai ƙarfi, ta shiga makirufo ta cika filin.

Bawa ya tsaya cak a tsakiyar ciyawa. Ya ɗago kai yana neman inda sautin ya fito. Shekara ashirin da ɗaya rabonsa da jin dariyar nan.