Don Nicanor Ya Aiko a Kira Ɗana

Ina cikin dakan ayaba Ursulina ta leƙo ta kan katanga, ta ce mijinta Don Nicanor ya daina cin abinci, sai kiran sunan ɗana Wilkin yake yi.

"Yana bakin titi yana acaɓa, maƙwabciya," na ce mata. "Sana'ar da mijinki ya zaɓa masa."

Duk garinmu na San Pedro an san Nicanor, domin bai bar kowa ya manta ba. Ya yi wasan ƙwallon gora na jifa da bugu a Amurka, amma ba shi ke fara jifa ba. Zama yake yana taunar taba, sai mai jifan farko ya gaji a kira shi ya ƙarasa. Amma in ka ji shi a teburin wasan domino, da sarƙarsa ta zinare, sai ka rantse shi kaɗai ya ɗauki ƙungiyar a ka.

Da ya dawo ya share fili bayan gonar rake ya zama koci. Wilkin yana ɗan sha biyar ya faɗa hannunsa. Safe da yamma yake sa shi jifa, don masu zuwa daga Amurka neman 'yan wasa su gani. In yaron ya ce gwiwar hannunsa na ciwo, sai Nicanor ya ce masa rago. Haka har jijiyar ta tsinke. Nicanor bai taɓa tako ƙofarmu ya tambayi jiki ba.

Na so in ɓoye saƙon, amma Wilkin ya ji a gari. Ya wanke fuska, ya canza riga, na bi bayansa.

Mun tarar da Nicanor ya ƙanjame, fanka na kaɗa warin magani. Ursulina ta matsa gefe tana share hawaye, ta raɗa min cewa gafara zai nema. Ya laluba ya kama hannun Wilkin na dama, ya ɗaga gwiwar har inda take iya kaiwa.

"Nan kake saukarwa in za ka yi jifa," ya ce. "Na sha gaya maka. Da ka ji magana, da yanzu kana can Amurka."

Na buɗe baki, Wilkin ya taka min ƙafa.

"Haka ne, koci," ya ce.

Ran Lahadi ya cika. A coci wani ya miƙe ya kira shi uban yara, na yi tsakin da sai da matan gabana suka waiwayo. Wilkin na cikin masu ɗaukar akwatin, ban hana shi ba, ban kuma bi su maƙabarta ba.

Bayan an share makoki ina shanya, na hango Ursulina a tsakar gidanta. Ta fito da wani kofin gasa na azurfa mai sunan mijinta a jiki, ta cika shi da ruwa, ta ajiye a gindin mangwaro. Kaji suka zagaye shi suna sha.