Mamacin da Ya Ci Ƙuri'ar Hajji

Shekara talatin da ɗaya na yi ina riƙe da ɗakin kundaye a ofishin rajistar jama'a na gundumarmu, ban taɓa kashe ko mutum ɗaya ba. Kwamfutar Injiniya Rawya kuwa, a makonta na farko ta kashe mutum ɗari biyu da goma sha uku.

Rawya aka turo mana daga hedikwatar lardi ta zuba kundayenmu cikin na'ura, don mutum ya riƙa neman takardarsa ta waya ba sai ya zo layi ba. Ban so zuwanta ba, ba zan ɓoye ba. Kafin na'urar ta fara aiki, wata takwas ta yi tana ɗaukar hoton shafuka, ƙura na cin idonta, shayinta na hucewa a kan tebur. Abin da ta yi da ba mu taɓa yi ba shi ne haɗa kundin haihuwa da na mutuwa. A zamanina ɗaya yana kantar dama, ɗaya yana ta hagu, ban taɓa barin su gaisa ba.

Ranar Litinin sai ga Amm Dardir, wato Baba Dardir, wani tsoho manomin rake daga ƙauyen Naga Radwan. Shekara goma sha ɗaya yana shiga ƙuri'ar kujerar Hajji, bana sunansa ya fito. Da ya je tabbatarwa aka ce masa ya rasu. Ranar Alhamis da azahar za a rufe, wanda bai tabbatar ba a ba wani kujerarsa.

Ya jingina sandarsa da teburina ya ce, "Ustaz Gabir, an ce na mutu. Na zo in ji yaushe ne, don ban ga kowa ya zo ta'aziyya ba."

Rawya ta juyo da allon kwamfutar. "Amm, a nan an rubuta Hifni Abdurradi. Ya rasu yana ɗan wata takwas."

"Haka ne, 'yata. Allah ya jiƙansa."

"To kai wane ne?"

"A takarda ni ne shi. A gida ni Dardir ne."

Ta dube ni, na yi mata bayanin abin da kowane ɗan ƙauye ya sani. A da, idan jariri ya rasu aka sake samun namiji, uba ba ya ɓata yini guda a kan jaki don ya zo gari neman sabuwar takarda. Ta wan tana nan cikin akwati, sai a ba ƙanen. Wanzamin ƙauye shi ke rubuta mutuwa a nasa kundin, ba wanda ke komawa ya duba. Dardir da takardar wansa ya yi aure, da ita aka ɗauke shi soja gemu bai fito masa ba, don takardar ta girme shi da shekara biyu.

Shugaban ofishinmu, Mamduh Bey, mutum ne mai son a rabu lafiya. Ya kira mu ya ce, "Injiniya, ki goge layin mutuwar nan kawai. Tsoho ya tafi Hajjinsa, kowa ya huta."

"Yaron ya rasu da gaske, ranka ya daɗe. Idan na goge shi, ƙarya na zuba a na'urar da hannuna, kuma saura ɗari biyu da goma sha biyu."

"To ki bar bawan Allah ya rasa kujerarsa?"

"Ba zai rasa ba. Za mu yi masa rajistar haihuwa da sunansa, a mayar da kujerar kansa."

Mamduh Bey ya yi dariya ya ce irin wannan takarda wata shida take yawo tsakanin ofisoshi. Ta ce shi ya sa aka turo ta. Ni dai a raina na ce yarinyar nan za ta jawo wa tsoho asara saboda taurin kai, har na ja Dardir gefe na ce ya roƙe ta ta goge.

Ya ce, "Ustaz, duk rayuwata ina amsa sunan mamaci a gaban hukuma. Ba na so in tsaya a Arfa da shi. Idan an rasa kujerar, a rasa."

Kunya ta kama ni. Ni na fi kowa sanin ƙa'idar rajistar da aka makara, don haka na zayyana wa Rawya: shaidu biyu da suka girme shi, da hatimin mai garin. Shaida ɗaya maƙwabcinsu ne. Ta biyu yayarsa, Nafusa, wadda ta haura tamanin, ba ta iya fita.

Talata da safe muka shiga motar haya zuwa Naga Radwan, Rawya na rungume da ƙaramar kwamfutarta. Muka tarar da tsohuwar a kan benci a ƙofar ɗaki. Ta ƙi cewa uffan sai da muka ci gurasa da cuku, muka sha baƙin shayi.

"Hifni zazzaɓi ya ɗauke shi, ni na riƙe zanen da aka naɗe shi," in ji ta. "Wannan mai ƙaton kan kuma an haife shi lokacin yankan rake, bayan shekara biyu. Ki rubuta da kyau, 'yata. Innarmu har ta mutu ba ta taɓa kiransa Hifni ba."

Dardir ya ce, "Kan nawa ma sai an rubuta?"

"Da akwai gurbinsa da na sa an rubuta," in ji Nafusa.

Ta dangwala yatsa a allon, mai gari ya buga hatimi. Laraba Rawya ta yini a hedikwatar lardi. Wani jami'i ya ce mata tsarin ba shi da gurbin mayar da kujera daga mamaci zuwa rayayye. Ta ce ita ta tsara shi, za ta buɗe gurbin idan ya sa hannu. Ya ce ta dawo gobe. Ta jawo kujera ta zauna a ƙofar ofishinsa, ta buɗe kwamfuta tana aikinta, duk mai shiga sai ya tsallake ƙafarta. Bayan la'asar ya sa hannu.

Alhamis Dardir ya iso tun ba mu buɗe ba, da sabuwar jallabiya. Layin sadarwa ya ɗauke sau biyu, ni da na raina na'urar nan na tsinci kaina ina yi mata addu'a. Saura minti ashirin a kira azahar saƙon tabbatarwa ya shigo, injin ya fitar da takarda da ɗuminta.

Bai iya karatu ba, sai ya miƙo mini. Na karanta: Dardir Abdurradi, haifaffen Naga Radwan.

"Sake karantawa, Ustaz."

Na sake. Rawya ta riga ta buɗe jerin sauran ɗari biyu da goma sha biyun, tana tambayata wane ƙauye ya fi kusa. Dardir bai tafi ba. Ya ce, "'Yata, ki fitar mini da ta mutuwar Hifni ma."

Ta fitar ba ta tambayi dalili ba. Ya haɗa takardun biyu ya ninke, ya cusa a aljihun ƙirjinsa ya dafe da hannu.

"Tare za mu tafi," in ji shi. "Ai shi ya ci ƙuri'ar."