Maƙoshi da Maƙogwaro

Shekara uku ke nan da wata biyar tun ranar da yayana ya roƙe ni in leƙa bakinsa, ban leƙa ba. Aikin bai fi na minti biyu ba. Tocila tana aljihun rigata, sandunan danne harshe suna kan tebur a gabana. Na faɗi wannan tun farko ne don kada wani ya nema mini uzuri, domin ni kaina na nema na rasa.

Shekara ashirin da bakwai ina koyar da sassan jiki a makarantar ma'aikatan jinya. A ofishina akwai kan mutum na roba, an tsaga shi biyu daga goshi zuwa wuya. Da shi nake nuna wa ɗalibai leɓe da dasashi, fiƙa da turame, ganɗa mai tauri a gaba da taushi a baya, beli yana reto a ƙarshenta, sannan mararrabar da hanya ta rabu. Ta gaba maƙogwaro ne, iska ke binsa, a cikinsa tantani biyu suke masu kaɗawa su ba da murya. Ta baya maƙoshi ne, hanyar abinci. Mutane a gari ba su damu da bambancin kalmomin nan ba, amma ɗalibin da ya gauraya su a jarrabawata jan biro ne rabonsa. Kowace shekara kuma nakan rubuta a allo da manyan baƙaƙe: muryar da ta dishe fiye da mako uku, a kai ta ga likita.

Yayana mai walda ne. Lasifika ake ce masa a layinsu, saboda in ya yi dariya a bakin shago har tashar mota ake jiyo shi. Shi ya riƙe ni bayan rasuwar mahaifinmu, kuma tun ina ƙarami yake kirana Farfesa, rabi yabo, rabi ba'a.

Ran nan ya shigo ofishina da rigar aiki wadda tartsatsi ya huhhuda. Akwai sababbin malamai biyu a zaune, muna hira. Da ya yi sallama, muryar ta fito kamar ana goga ƙarfe da zarto.

"Farfesa, maƙoshin nan nawa ya ƙi. Wata biyu ina cara kamar tsohon zakara. Leƙa mini ka gani."

Na dubi malaman, na dubi rigarsa. Sai na miƙa hannu, ba ga tocila ba, ga kan roba.

"Yaya, ai ba maƙoshi ba ne. Maƙoshi na abinci ne. Murya a maƙogwaro take, ga shi nan."

"To, ko ma wanne ne, ai duk a wuya ɗaya suke haya."

Malaman suka yi dariya, ni ma na yi. Na ce masa hayaƙin walda ne da sigari da yawan ihu, ya sha ruwan ɗumi, ya rage surutu.

"In na rage surutu ai matata sai ta ɗauka na mutu," in ji shi. Ya dafa kafaɗata ya fita.

Na san tocila ba ta kaiwa tantanin murya. Na sha faɗa wa kaina haka idan zuciya ta matsa mini. Amma da na leƙa ban ga komai ba, da na tuna abin da nake rubutawa a allo, da na kama hannunsa muka tsallaka titi zuwa ga likitan wuya. Shi kuwa ya ji daga bakin Farfesa cewa ba komai, wa zai sake tambaya?

Bayan wata tara aka ce ciwon daji ne, kuma ya ci ƙarfin wurin. Likitoci suka cire maƙogwaron gaba ɗaya. Suka buɗe masa rami a gindin wuya, ta nan yake numfashi, da ɗan kyalle a kai. Lasifika ya koma rubutu da alli a kan wani guntun baƙin ƙarfe da ya ɗauko daga shagonsa.

Ban daina zuwa gidansa ba, sai dai zuwan tsaye nake yi. In gaishe shi daga bakin ƙofa, idona a kan bango, in ce aiki na jirana. A aji kuwa ban fasa darasin ba. Maƙogwaron kan roba yana ciruwa, yana yin ƙas idan an zare shi. Duk shekara sai na zare shi a gaban ɗalibai arba'in, na ɗaga shi sama, na faɗi amfaninsa.

Jiya da hantsi matar Yaya ta zo makaranta. Ba ta zauna ba.

"Malam, kwana uku ke nan yayanka bai haɗiyi abin kirki ba. Ruwa ma da ƙyar. Na yi na yi da shi mu koma asibiti, ya juya mini baya."

"To ai likitocinsa su suka fi sanin..."

"Kai ma ka sani. Ko ilimin naka na 'ya'yan wasu ne kawai?"

Ta zaro guntun ƙarfen daga jakarta, naɗe da leda don kada rubutun ya goge, ta ɗora mini a kan tebur, kusa da kan roba. Rubutun Yaya ne, a karkace: A kira Farfesa ya leƙa. Wannan karon maƙoshi ne.

Na ɗauki ƙarfen muka tafi gidan. Na same shi a jingine da filo biyu, ya rame har agogonsa yana yawo a tsintsiyar hannu. Ɗakin ba ƙara sai fitar iska ta ramin wuyansa, kyallen yana ɗagawa yana komawa. Na wuce bakin ƙofar da na saba tsayawa, na jawo kujera, gwiwata ta taɓa gadon.

"Yaya."

Ya ɗaga gira. Ya karɓi ƙarfen daga hannuna, ya goge da gefen hannu, ya rubuta: Na faɗa daidai?

"Daidai ka faɗa."

Ya rubuta: Maki nawa?

Matarsa ta yi wata 'yar dariya daga bayana, ta fita da sauri. 

Ban san abin da zan tarar ba. Wataƙila farin gyambon nan ne da ke kama bakin da ya bushe, wanda magani ke korewa cikin mako guda. Wataƙila kuma tsohon baƙon ne ya dawo ta ƙofar baya. Ko wanne ne, na riga na ce wa direban da ya kawo ni ya jira a waje, kuma ba zan bar gidan ni kaɗai ba.

Na wanke hannu a kwanon da ke gefen gado. Na yage takardar sandar danne harshe, na kunna tocila. Na tallafi haɓarsa da hannun hagu, gemun ya yi fari fat, ban san yaushe ba.

"Buɗe baki, Yaya. Ka ce aa."

Sai da maganar ta fita daga bakina na ji abin da na faɗa. Ya dube ni, kafaɗunsa suka girgiza, iska ta yi ta fita ta ramin a guntu-guntu. Dariya yake yi. Sannan ya buɗe bakin iyakar ƙarfinsa, babu sauti.

Na danne harshen a hankali, na sunkuya, na leƙa.